Gara Su Yi Tsalle A Gabanka: Wasannin Wii Da Suka Cancanci Shiga Gida

A bazarar bara wani ƙanena da ke bida a Kwatano ya iso Filinge da tsaraba cikin kwali: wani farin akwati da bai fi ƙamus girma ba, da rimot biyu, da faya-fayai kamar bakwai, duk na gwanjo. Yaran gidan suka leƙa, suka ga ba PlayStation ba ce, suka yi tsaki suka koma kan waya. Kafin sati ya zagayo sai ga layi an kafa, har da kakarsu, wadda ba ta taɓa sarrafa abin da ya wuce rediyo ba, tana gyara ɗaurin zane tana cewa a matsa mata ta jefa nata. Sunan akwatin Wii. Tun lokacin iyaye da malamai ke tambayata ko abin ya dace da gidan mutunci, in kuma ya dace, wane faifai za a saya. Amsata ita ce ya dace, amma faifai biyar ko shida ne kawai suka cancanci kuɗinka, sauran ka bar wa mai shago kayansa.

Gardamar a bar yara su taɓa na'ura ko a hana su ta riga ta wuce, don waya ta shiga kowane gida ba tare da sallama ba. Duk malamin da ke riƙe da ajin CM2 ko na kwaleji ya san yaron da ke gyangyaɗi tun ƙarfe tara na safe, ya kuma san ba a gona ya kwana ba. Ga kuma halin da jihar Tilaberi take ciki. Tun 2017 wasu sassanta ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an rufe makarantu da yawa a karkara, iyalai sun baro ƙauyukansu sun dawo cikin gari. Uban da a da ba ya neman ɗansa sai bayan isha'i, yau magariba na yi yake ƙirga kawuna. Dandali ya yi sanyi. In ka haɗa da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ko akuya ba ta son fita da tsakar rana, za ka ga yaran Kurfai na yau sun fi iyayensu zaman ɗaka nesa ba kusa ba. Abin tambaya shi ne me suke yi a ɗakan. Mai waya yakan juya baya, ya shige lungu, ya rufa da bargo. Ba ka san da wa yake magana ba, ba ka san me yake kallo ba. Wii kuwa ba ta ɓoyuwa: tana son talabijin, tana son fili, tana son a tashi tsaye, kuma duk wanda ke gidan yana ganin abin da ake yi.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fitar da ita a ƙarshen 2006, an kuma sayar da fiye da miliyan 101 a duniya. Sirrinta yana cikin rimot ɗin: yana jin motsin hannu, in ka wurga hannu ɗan mutumin da ke cikin talabijin ya wurga, in ka nuna wuri ya san inda ka nuna. An rufe hanyar buga wasanninta ta intanet a 2014, an rufe shagonta na intanet a 2019. A Turai wannan na nufin ta tsufa. A wurinmu kuwa nan alherin yake, don ba ta cin kuɗin data, ba ta kawo talla, ba baƙon da zai shigo ta cikinta ya yi hira da ƴarka, ba kuma inda za ta ce a tura kuɗi a sayi sabuwar riga ko bindiga.

In faifai ɗaya za ka iya saya, ka sayi Wii Sports. Galibi ma tare da akwatin yake zuwa, shi ya sa yawansa ya haura miliyan 82. Wasanni biyar ne a ciki: tanis, besbol, golf, damben zamani, da wanda ake gangara ƙwallo mai nauyi a kayar da turaku goma. Besbol da golf ba su dame mu ba. Sauran ukun su ne abin. Na fifita shi ne saboda ba ya neman karatu ko wani yare. A garin da yaro ɗaya ke jin Hausa, maƙwabcinsa Zabarmanci, na gaba Buzanci ko Fillanci, kamar yadda muke cakuɗe a wannan kwari na Dallol Boso tun daga Balleyara har Tukunus, samun wasan da bayaninsa bai wuce “riƙe nan, wurga haka” ba, ba ƙaramin abu ba ne. Na ga yarinya ƴar shekara shida ta doke yayanta mai shirin BEPC a wasan turakun nan, don ita tana sakin hannu a hankali, shi kuwa yana son nuna ƙarfi. Ban san wani wasa na tsakar gida da ke ba ƙarama irin wannan dama a kan babba ba. Kuma ƴan mata, waɗanda ba mai barinsu su shiga ɗakunan PlayStation na bakin kasuwa inda samari ke biyan kuɗi suna ihu, a nan suna da layi kamar kowa.

Damben ciki kuwa shi ke fitar da gumi na gaske, sai dai yana buƙatar ƙaramin abin riƙewa na hannu na biyu da ake jonawa da rimot, sunansa Nunchuk. Ka tabbata yana cikin kwalin.

Wii Sports Resort na 2009 ƙanen wancan ne, kuma ta wasu fuskoki ya fi shi. Wasanni 12 ne, ciki har da ƙwallon tebur, harbin kibiya, wasan takobi da tuƙa kwale-kwale. Yana aiki ne da wani ɗan ƙari da ake maƙala wa rimot, MotionPlus, wanda ke sa na'urar ta gane har karkacewar wuyan hannu. Harbin kibiyar ya fi burge ni: sai yaro ya tsaya cak, ya ja numfashi, ya duba inda iska ke kaɗawa kafin ya saki. Yaron da ba ya iya zama minti biyu a kan benci sai ka gan shi ya natsu kamar maharbi. In ba MotionPlus a cikin cinikin, kada ka ɗauki faifan, ba zai yi aiki ba.

Daga nan sai Mario Kart Wii na 2008, tseren ƙananan motoci da babura, mutum huɗu a lokaci ɗaya, talabijin ya rabu gida huɗu. Wannan a zaune ake buga shi, don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa motsa jiki ne. Amfaninsa daban ne. An gina shi ta yadda na baya ke samun makamai masu ƙarfi, na gaba kuwa kullum yana cikin fargabar wani shuɗin ƙoƙon kunkuru da ke neman na ɗaya kaɗai. Ma'ana, gwani na iya faɗuwa a bakin layi, ɗan koyo ya wuce shi. Kwanakin farko za a yi kuka da zargin cuta. Ka bari a yi. Yaron da ya koyi shan kaye a hannun ƙanensa ya kuma miƙa rimot ga na gaba ba tare da ya jefar ba, ya koyi abin da wasu manya ba su koya ba har yau. New Super Mario Bros. Wii na 2009 shi ma na mutum huɗu ne, amma a nan tare ake tafiya, babba na iya ɗaukar ƙarami ya tsallake rami da shi, ko ya jefa shi ciki, gwargwadon halinsa. Uwa mai lura za ta karanci ƴaƴanta sosai a rabin awa na wannan wasa.

Ga malamai, akwai biyu da nake so ku duba. Super Mario Galaxy na 2007, a ganina, shi ne mafi kyawun abin da aka taɓa yi wa wannan na'ura. Ɗan wasan yana yawo ne a kan ƙananan duniyoyi masu siffar ƙwallo, ya zagaya ƙarƙashinsu kansa a ƙasa ƙafa a sama, bai faɗo ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yana fama da tambayar “Mushe, in duniya ƙwallo ce, don me mutanen ƙasan ba su zubewa?” zai gane darajar wannan. Lemu da alli ba su taɓa yi mini aikin da minti biyar na wannan wasa ya yi ba. Na biyun shi ne Big Brain Academy, wanda a kwalin Faransa aka rubuta Cérébrale Académie: ƙananan gwaje-gwaje na lissafi, hadda, tantance siffa da saurin ganewa. Ba zai sa ɗanka ya ci jarrabawa ba, kada mu yi wa juna ƙarya, amma ya fi zaman banza, kuma in an sa na'urar a Faransanci yaro na karanta umarni da son ransa, abin da ba kullum yake yi da littafi ba.

Akwai waɗanda suka yi suna amma ban ba da shawararsu ba. Wii Fit yana son wani faranti da ake takawa, mai cin batir huɗu, kuma bayan sati biyu yakan koma ƙarƙashin gado. Just Dance na kamfanin Ubisoft na Faransa shi ya fi kowanne sa a motsa jiki, har sai da aka ci gaba da fitar da shi a Wii zuwa 2019, amma waƙoƙin da sigar rawar ba kowane gida ne zai yarda da su ba, kuma ban ga laifin uban da ya ce ba a gidansa ba. Ka kalla da kanka kafin ka yanke. Sannan kada farin akwatin ya sa ka ɗauka komai na cikinsa na yara ne. MadWorld da Resident Evil 4 duk a Wii suke, jini ne da yanka tsagwaronsu. A kwalayen Turai akwai lamba a kusurwa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Shekarun da suka dace ke nan. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai sayarwar da zai ce maka ya zuba wasanni ɗari a ciki kyauta. Ɗari ɗin nan ba wanda ya tantance su.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma suna da gaskiya: wurga hannu gaban talabijin ba zai zama langa ba, ba zai zama kokowa ba. Masu bincike ma sun faɗi haka. A 2007 wasu masana a birnin Libaful na Ingila sun auna yara masu buga Wii Sports, suka ga sun fi masu wasan zaune ƙona ƙarfi, amma ba su kai mai buga wasan na gaske a fili ba. Wani binciken da aka buga a Amurka a 2012 ya ba yara wasannin motsi su kai gida, aka tarar jimillar motsinsu ba ta fi ta sauran ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsi mai sa haki kowace rana. Ba a gaban talabijin Isaka Isaka ya koyi kayar da maza har ya ɗauki takobi ba. Saboda haka duk ranar da fili ya samu kuma hankali ya kwanta, a kashe na'ura a kora su waje. Da wayar cikin bargo nake gwada Wii, da ita kuma take kokowa, a awannin da fita ba ta yiwuwa. Haka nan wanda bai gama da hatsin damina da kayan makaranta ba, wannan magana ba tasa ba ce tukuna.

Wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba: na'urar na rubuta wa kanta rahoto. A shafin saƙonninta, kowace rana tana ajiye sunan wasan da aka buga da yawan mintocin da aka yi, kuma yaro ba ya iya goge wannan. Ka dawo daga kasuwa ko daga aiki, ka buɗe, ka ga gaskiya ba tare da ka tsare kowa da tambaya ba. Akwai kuma kulle na lamba huɗu da ke hana buɗe faifan da ya wuce shekarun da ka sa. A gidanmu dokar ita ce Asabar da Lahadi, bayan an gama aikin makaranta da na islamiyya, kuma rimot a ɗakin uwar gida yake kwana.

Wutar da take ci ba ta kai wat 20 ba, talabijin ɗin ma ya fi ta ci, don haka mai farantin sola da batir mai ɗan ƙarfi zai iya ɗaukarta. In za ka saya a Yamai ko ka aika a sayo maka, ka nemi ta Turai. Wadda aka yi wa Amurka cajarta ta wuta 120 ce, tamu kuwa 220, ka jona kai tsaye ta ƙone, kuma faifan Turai ba ya aiki a cikinta. Ka sa a kunna ta a gabanka da faifai biyu ko uku, don idon da ke karanta faifai shi ke fara mutuwa, ƙurar hunturu kuwa ba ta raga masa, sai ana rufe ta da ƙyalle. Ka duba bayan talabijin ɗinka ko yana da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, don ba ta da HDMI. Kowane rimot na cin ƙananan batura biyu, gara ka sayi masu caji tun farko. Igiyar da ke rataye a gindin rimot kuwa ba ado ba ce: a watan Disamba na 2006 sai da Nintendo ya yi tayin canza igiyoyi sama da miliyan 3 saboda rimot na suɓucewa daga hannun masu gumi yana fasa talabijin. In siririyar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin ta lalace, kada ka yar da na'urar. Ƴan fitilu ne kawai a cikinta da rimot ke hange, kyandir biyu da aka kunna aka ɗan raba tsakaninsu suna yin aikinta, muddin akwai babba a wurin kuma an nisanta su da labule.