Yaron Da Ya Ce Ƙwaurinsa Na Ciwo

Akwai wani al'amari da muke so mu jawo hankalin malaman makaranta gare shi, musamman waɗanda aka danƙa wa kula da wasanni. Sau da yawa yara sukan yi wata da watanni ba su yi gudun kirki ba, sa'an nan in gasar guje-guje ta ƙarato sai a tasa su gaba safe da yamma, a filin da rani ya mayar kamar daɓe, galibi ba takalmin kirki. Kafin mako uku wani ya soma ɗingishi, ya ce ƙwaurinsa na ciwo. Sai a ce rago ne.

Mu dai a ganinmu an yi garaje wajen yanke wannan hukunci. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. To, in aka ɗora masa aiki mai yawa farat ɗaya, ba hutu, rushewa takan riga gini, sai ƙashin ya yi 'yar tsaga siririya kamar gashi, alhali yaro bai faɗi ba, ba wanda ya buge shi. Tun 1855 wani likitan soja Bajamushe, Breithaupt, ya bayyana irin wannan ciwo a ƙafafun sojoji masu doguwar tafiya. Ga masu gudu kuwa, babban ƙashin ƙwauri ne ya fi shan wannan wahala.

Gane shi ba wuya. Gajiyar nama takan bazu, ta wuce bayan kwana biyu. Wannan ko wuri guda yake tsayawa, har yaro ya iya nuna shi da yatsa ɗaya, in an danna ya zabura. Da fari sai yana gudu yake jinsa, daga baya ko tafiya ma. Hoton ƙashi na asibiti yakan kasa nuna kome a mako biyu ko uku na farko, saboda haka kada malam ya ce ai hoto ya wanke ƙafa, a koma fili. Hutun mako shida zuwa takwas yakan isa galibi. Amma tsagar da ta fito ta gaban ƙwauri tana da taurin kai, takan ci watanni, in aka ci gaba da gudu a kanta tana iya zama karaya sosai. Ja da murza na masu ɗori ba su da abin da za su gyara a nan.

Abin da muke roƙon shugabannin makarantu shi ne su soma horon yara da wuri, a riƙa ƙara nisa kaɗan kaɗan, a bar ranakun hutu. A kuma dubi kwanon 'yan makarantar kwana, don nono da miyar kuka da ƙananan kifi suna ƙarfafa ƙashi. Yarinya mai gudu da ta rame har al'adarta ta ɗauke ta fi kowa shiga hatsari, ya kamata malama ta kai ta wurin likita tun ƙafa ba ta soma ciwo ba.