Filin Kiɗa: Mai gitar bas da kask, ji ya kori gani

Gitar bas ita ce ginshiƙin kiɗan zamani. Duk wanda ya taɓa sauraren Mamar Kassey ko Tal National ya san cewa ganga da bas ne ke riƙe da ƙafar mai rawa, ko da idon ƴan kallo yana kan mawaƙi. To amma wagga gitar tana da wuyar zama a gidan haya. Amonta yana ratsa katanga ya girgiza kwanukan maƙwabta, shi ya sa samari masu koyonta a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sunka koma ga na'urar saurare ta kunne, wadda anka fi sani da kask. Da ita suke bita cikin dare, da ita kuma suke ɗaukar kiɗansu a kwamfuta. Saboda haka zaɓenta ba ƙaramin al'amari ba ne, domin abin da ta gaya ma kunne shi ne hannu zai koya.

Farkon abin lura shi ne yanayin amon. Tsirkiyar da ta fi kauri a gitar bas mai tsirkiya 4 tana girgiza kamar sau 41 a cikin sakan ɗaya, abin da masana ke kira hartz 41. Sauran ukun suna kan 55, da 73, da 98. Mai tsirkiya 5 kuwa tana sauka har kusan 31. Kunnen ɗan Adam yana fara ji ne daga wajen hartz 20. Ke nan mai bas yana aiki ne a bakin iyakar ji, inda ƙaramar na'ura ke saurin gazawa.

A nan ne masu saye da yawa ke faɗawa tarko. Galibin kask ɗin da ke kasuwa an ƙera su ne don jin daɗin waƙa, an ƙara musu nauyin amo da gangan don su burge mai saye tun a shago. Mai kiɗa ba ya bukatar na'urar da za ta yi masa fadanci. Idan kask ya kumbura amon ƙasa, mai koyo ba zai ji inda yatsansa ya kuskure ba, ko inda tsirkiya ke gogar ƙarfe, ko inda wata ke ci gaba da kuka bayan an bar ta. Wajen ɗaukar kiɗa ɓarnar ta fi haka. Jin bas ya yi yawa a kunnensa zai sa ya rage shi, ranar da anka saka waƙar a lasifikar biki sai a ji ta fayau, babu gindi. In kuma kask ɗin mai rauni ne, zai yi ta ƙarawa har bas ya danne muryar mawaƙi. Abin nema shi ne kask mai faɗin gaskiya, wanda ke maido da amo yadda ya shiga.

Abu na biyu shi ne ƙira. Akwai rufaffe, akwai buɗaɗɗe. Rufaffen yana tare hayaniyar waje, kuma ba ya barin kiɗa ya yoyo zuwa cikin mikro yayin da ake ɗaukar murya. Buɗaɗɗen yana da huji a bayansa, iska na shiga, kunne ba ya saurin gajiya, sai dai kukan babur da na injin bayar da wuta duk suna shigowa. Ga wanda ƙarfinsa bai wuce na guda ɗaya ba, rufaffen ya fi dacewa. Daga cikin waɗanda ma'aikatan ɗakunan ɗaukar kiɗa sunka daɗe da amincewa da su akwai Beyerdynamic DT 770 Pro na ƙasar Jamus, wanda ya fito a 1985, da Sony MDR-7506 na Japan, wanda ya fito a 1991, da kuma Audio-Technica ATH-M50x. Sai dai a yi hattara da jabu, domin sanannen suna shi ne ake kwaikwayo, kuma araha ba ta ado.

Na uku, a duba lambar da ke jikin kwali mai alamar om, wadda ke nuna yawan ƙarfin da na'urar ke bukata kafin ta yi ƙara. Sony ɗin nan om 63 ne, Audio-Technica 38, shi kuwa DT 770 ana samunsa a 32, da 80, da 250. Wanda ya sayi mai 250 ya jona ma salula ko ƙaramin akwati mai batir zai ji amon can ƙasa-ƙasa, ya ɗauka an cuce shi, alhali wuta ce ba ta isa ba. Tsakanin 32 da 80 ya wadatar ma aikin gida. Hakanan ba a jona kask kai tsaye ga gitar. Dole a bi ta ampili mai ramin kask, ko ɗan ƙaramin ampilin aljihu irin Vox amPlug, ko akwatin ɗaukar sauti da ake haɗawa da kwamfuta. Ramin waɗansu milimita 6,35 ne, na waɗansu 3,5, don haka kada a baro shago ba tare da ɗan bakin da ke haɗa su ba.

Maras waya, mai aiki da Bluetooth, yana da daɗin yawo amma bai dace da bita ba. Amo yakan makara a cikinsa da kamar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan. Mai sauraren waƙa ba zai lura ba, amma mai kaɗa tsirkiya zai ji yatsa ya riga amo, kuma aikin bas kaf ɗinsa faɗawa kan bugu ne tare da mai ganga.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, gumi yana cinye ledar matashin kunne har ta riƙa ɓarewa, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. Gara wanda ake iya sake ma matashi, da wanda wayarsa ke cirewa, tun da waya ce ke fara tsinkewa. A riƙa share shi bayan aiki, a ajiye cikin jaka.

Babban abin tsoro dai shi ne kunnen kansa. Tun 1933 masana biyu na Amurka, Fletcher da Munson, sunka nuna cewa kunne ba ya jin amon ƙasa sosai idan ƙara ba ta da yawa. Wanga dalili ne ke sa mai bas ya yi ta murɗa ƙara ba tare da ya ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa baligi kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraren ƙara mai desibel 80, in ta kai 90 kuwa awa 4 kacal. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sunka mutu ba su sake tsirowa. Duk wanda ya cire kask ya ji kunnensa yana ƙugi, to ya wuce gona da iri, sai ya rage ƙara, ya riƙa hutawa bayan kowace awa.

Ranar saye, mutum ya tafi da waƙar da ya sani ciki da waje, ya saurara da matsakaiciyar ƙara. In da hali ya ɗauki gitarsa, ya kaɗa babbar tsirkiya daga sama har ƙasa, ya ji ko kowane amo yana fita daban da ɗan'uwansa. Ya bar kask ɗin a kansa na ɗan lokaci, don wanda ke matse kai a shago zai zama azaba bayan awa biyu. Bayan an ɗauki kiɗa kuma, a gwada shi a lasifika da rediyon mota da salula, tun da yawancin jama'a a salula za su ji shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wagga kasuwa ƙyallin kwali ba shaida ba ne, kunne ne alƙali. Allah ya ba mai nema sa'a.