Mayen ƙarfe a bayan ƙyaure

Yau ba zancen kwastan ko canjin sefa da naira na zo da shi ba. Zancen ƙofa ne. Kada a yi dariya tukuna, don ni ma da a bara aka ce mini zan cika shafi guda a kan abin tare ƙyaure, da na ce mai maganar ya rasa aikin yi.

Wata Juma'a ce cikin watan Agusta. Duk wanda ya zauna Kwatano ya san iskar wannan lokaci, wadda take tasowa daga teku ba ta sallama. Na dawo daga babban masallacin Zango a kan zemijan, ina sauka a ƙofar gidanmu na haya a Vedoko sai na ji ihun yaro daga ciki. Jikata ce, 'yar shekara uku, wadda nake tsokana da amaryata. Tana tsaye a bakin falo, ta zura hannu a ɗan tsagin nan na bayan ƙyaure, wajen da yake juyawa. Rabin bulon da muke tare ƙofar da shi, uwarta ta janye shi don ta yi shara. Aka buɗe tagar ɗaki, iska ta samu hanya, ƙyauren ya tafi garam!

Farcen ɗan yatsanta ya fita. Muka kai ta asibiti, aka duba, ƙashi bai taɓu ba, alhamdu lillahi. Amma mako biyu yarinyar nan ba ta yarda ta wuce ta ƙofar sai an ɗauke ta.

A daren na fara faɗa, ina cewa wane irin sakaci ne za a janye bulo yaro na wurin. Surukata ba ta ce uffan ba, tana ɗaki tana hawaye. Uwargida ce ta bari na gama, sannan ta ce, "Alhaji, shekara nawa muna gidan nan? Sau nawa ka yi tuntuɓe da bulon nan da asuba ka ce za ka nemo wani abu? Yarinyar nan shara ta yi, ba laifi ta yi ba." Na yi shiru, don gaskiya ce.

Daga baya na zauna ina tunani. Mu da muka tashi a Maraɗi, a gidan ƙasa, ba mu san wannan matsala ba. Ƙofar zaure a buɗe take wuni, ɗakunan mata kuwa asabari ne ko labule, sai dare a ja ƙyauren kwano. Babu abin da zai datse yatsa. Da muka zo bakin teku muka shiga gidan siminti, ɗaki da falo, ƙyaure na katako mai nauyi ko na ƙarfe, sai muka taho da ɗabi'ar barin ƙofa a buɗe. Dole ma mu bar ta. Kwatano tana tsakanin teku da tafkin Nokuwe, zafinta mai gumi ne, in aka ɗauke wuta ka rufe ƙofa kamar ka shiga tukunya. Sai muke tarewa da dutse, ko takalmi, ko galan na ruwa, ko kujerar tsugunno. Dukkansu abubuwa ne da wani zai buƙata ya ɗauke.

Washegari na shiga shagunan masu kayan gini, waɗanda nan ake ce wa kankayeri, na kwatanta abin da nake nema. Ashe abin da na sha gani ne a ɗakunan otal a Dubai ban taɓa kula ba. Ƙarfe ne guda biyu. Ɗaya ɗan sanda ne gajere mai maganaɗisu a kai, wato mayen ƙarfe, ana kafa shi a ƙasa ko a jikin bango. Ɗayan ɗan faifai ne da ake ɗaurawa a gindin ƙyaure ta baya. In ka tura ƙofa ta kai ƙarshe, sai su cafke juna. Iska ba ta iya raba su, amma kai in ka ja da hannu sai su saki. Riba ta biyu, mariƙin ƙofa ya daina fasa bango.

Na sayi uku, kuma na yi kurakurai, shi ya sa nake so ku ji.

Na farko, na ɗauki mai manne, wanda ake ɓare takarda a liƙa, don ina gudun huda tayil ɗin mai gida, wanda nan muke ce wa karo. Bai yi kwana goma ba ya ɓalle. Danshin garin nan da ruwan goge ƙasa ba sa barin gam ya zauna. Araha ba ta ado. Na koma na sayi mai kusoshi na murɗawa, amma kafin a huda ko'ina na je na sami mai gidan na nuna masa. Ɗan haya ya kiyaye wannan, don ranar tashi duk ramin da aka gani a kuɗin ajiyarka za a cire shi. Da ya gani, cewa ya yi a kafa a bango maimakon ƙasa, kuma hakan ya fi, don tsintsiya ba ta karo da shi, ƙafa ma haka.

Na biyu, tsatsa. Iskar teku gishiri gare ta, duk mai kwado a ƙofar shago a Tokpa ya san haka. Ka nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda masu shago suke kira inoks, ko da ya ɗan fi tsada. Mai fenti kawai, damina ɗaya ta ishe shi.

Na uku, ka gwada ƙarfinsa tun a shago. Ka haɗa su ka ja. In da yatsa biyu ka raba su, na ƙofar kabad ne, ba zai riƙe ƙyauren falo ba. Wajen kafawa kuma, a fara kafa sandan, a manna faifan a kansa, a turo ƙyauren a yi alama, sannan a ɗaure. Kafintan da ya yi mini haka ya yi. In suka goce ko kaɗan, riƙon ya ragu. A sa shi can wajen bakin ƙyaure, nesa da inda yake juyawa, nan ne yake da ƙarfin riƙo.

Sai gargaɗi, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Lokaci lokaci a riƙa dubawa ko mayen ƙarfen ya fara kwancewa daga mazauninsa. In ya faɗo yaro ya haɗiye, ba wasa ba ne, musamman in guda biyu ne ko ya haɗa da wani ƙarfe, don suna iya cafke juna a cikin ciki su huda hanji. Wannan asibiti ake nufa nan take, ba a jira a ga ko zai fita.

Kuma kada daɗin iska ya sa mu mance lokacin rufewa. Da magariba a rufe, don sauron zazzaɓi da dare yake aikinsa. Lokacin barci ma a rufe, ba don ɓarawo kaɗai ba. Ƙofar da take rufe tana jinkirta hayaƙi da wuta in gobara ta tashi, Allah Ya kiyaye. Sannan tunda ƙyaure zai wuni a buɗe, a sa labule mai kauri. Gidajenmu na haya tsakar gida ɗaya muke da maƙwabta, Fon ne, Yarbawa ne, Dandawa ne, kowa na wucewa. Iska ta shigo, ido ya tsaya a waje, mai shigowa kuma ya yi sallama kamar yadda aka saba.

Abin da na kashe duka, har da kuɗin kafinta, bai kai rabin abin da na biya a asibiti ba, ban da kukan yarinya da ɓacin ran da na jawo wa uwarta. Na ba ta haƙuri ta bakin uwargida, na haɗa da turmin atamfa. Mu 'yan kasuwa mun iya lissafin kwantena tun tana kan ruwa, amma ɗan abin da zai gyara gidan da iyalinmu suke wuni sai mu ce gobe.

Farcen amaryata ya fara tsirowa. Yanzu ita ce mai gadin ƙofa, duk wanda ya shigo sai ta tura ƙyauren ta ji ya ce ƙas, ta dube ni ta ce, "Kaka, ya kama." Rabin bulon kuwa yana bayan gida, an ɗora masa tukunyar ruwan kaji.

In ka koma gida yau, ɗan'uwa, ka duba abin da yake tare da ƙofarka, ka tambayi kanka wa zai ɗauke shi gobe. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.