Galahanga: Nakasa ce ko bambanci? Muhawarar TikTok ba ta isa Bagudo ba tukuna

Duk shekara idan 2 ga Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin masu galahanga, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi a TikTok da Facebook. Wasu su ce a daina kiran abin nakasa, bambanci ne kawai a yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, kamar dai bahago a cikin masu cin tuwo da dama. Wasu kuma, galibi iyaye, su ce wanda bai taɓa kwana yana riƙe yaron da ke buga kansa da bango ba, shi ke wannan zancen.

Masu cewa bambanci ne ba su rasa hujja ba. Ra'ayin ya yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da masu galahanga suka fara haɗuwa a intanet suna magana da bakinsu. Suna kawo misalin Temple Grandin, farfesa a Amurka, wadda ta haura shekara uku ba ta fara magana ba, amma ta zo ta tsara hanyoyin kora shanu da manyan mayanka ke amfani da su. Mu ma muna da namu: Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, wanda yana ɗan shekara 15 aka baje zanensa mai faɗin murabba'in mita sama da 12,000 a dandalin Eagle Square na Abuja a Afrilun 2025, zanen da ya shigar da shi kundin Guinness.

To amma ɗauki wannan muhawarar ka kai ta ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, ka zaga Illo da Lolo da Kaoje da Tsamiya a bakin iyakar Benin. A can ba tsakanin "nakasa" da "bambanci" ake zaɓi ba. Sunayen da ke jiran yaron da ba ya waigowa idan an kira shi, mai maimaita kalma ɗaya, mai toshe kunne idan injin niƙa ya tashi, su ne dolo, wawa, shafar aljanu, ko sammun kishiya. Ita kanta kalmar galahanga buhu ce da muke zuba komai a ciki: da wannan lalurar, da wadda ake haifar yaro da ita ana gane ta a fuska, da ta wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa har gaɓɓansa suka sandare. Abubuwa uku ne daban, kowanne da irin kulawarsa.

A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da galahanga. Ba a ce ban da bakin kogin Kwara ba. Yaran suna nan, ganinsu ne ba a yi, kuma al'adarmu na taimakawa wajen ɓoye su ba da gangan ba. Ɗaya daga cikin alamomin da likitoci ke dubawa ita ce yaro ba ya haɗa ido da mutane. Amma a gidan Bahaushe ko Bafulatani, yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya ai yabo yake sha, an ce yana da kunya. Haka batun jinkirin magana. Yaron kan iyaka na tashi yana jin Hausa a kasuwa, Dendi ko Fulatanci a gida, wani lokacin har da Faransanci a bakin dangin tsallake. Idan ya kai shekara uku bai ce uffan ba, sai a ce harsuna ne suka yi masa yawa, a bar shi zai ware. Bincike bai nuna jin harsuna da yawa na hana yaro magana ba. Shekarun farko da taimako ya fi tasiri a cikinsu, su ne ake ƙararwa a jira.

Kuma ba a gane galahanga da gwajin jini. Sai ƙwararre ya zauna ya lura da yaron, ya saurari uwarsa. Daga Bagudo, wannan na nufin kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Wanda ke tsallake a Segbana ko Malanville shi kuma sai ya nufi Parakou ko Kwatano, ya yi bayani cikin Faransanci. Mai magani kuwa yana nan bayan gida. A Nuwamban 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure dubban masu lalurar ƙwaƙwalwa da mari a Najeriya, har da yara. A Benin, Grégoire Ahongbonon ya shafe shekaru yana kwance irin waɗannan sarƙoƙin.

Shi ya sa nake ganin jefar da kalmar nakasa yanzu gata ne da Bagudo ba ta kai gare shi ba. Kalmar ba ta da daɗin ji, gaskiya ne, amma ita ce mabuɗin doka. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓarsu da ajiye aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar dominsu, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta sa tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna musu wariya. Benin ta yi tata dokar a 2017. Babu sashe ko ɗaya da ya ce "masu bambanci". Uwar da hedimasta ya mayar wa da ɗanta don "yana damun aji" ba ta da makami sai wannan kalmar. Kada kuma hoton Kanye da Grandin ya rufe mana ido: akwai masu galahanga da ba za su taɓa yin magana sosai ba, wasu ga farfaɗiya a kai, suna buƙatar mai kula da su har tsufa. Cewa da uwarsu "baiwa ce" a ƙarƙashin wani bidiyo, wallahi ba tausayi ba ne.

Abin da ya kamata mu ara daga masu cewa bambanci ne shi ne daina farautar waraka. Galahanga ba zazzaɓi ba ce, ba ta da allura ko sassaƙe, duka da hayaƙi ba sa fitar da ita. Abin da ke aiki shi ne koya wa yaro hanyar bayyana buƙatarsa, ko da hoto ko da nuni, da rage masa hayaniyar da ke firgita shi. A nan ne ku masu waya kuka shigo, don ta hannunku labari ke isa ƙauye. A Satumban 2025 Donald Trump ya alaƙanta shan farasitamol lokacin goyon ciki da galahanga, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujja. Zargin rigakafi kuwa, mujallar da ta buga shi a 1998 ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. Arewa ta san abin da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 ya jawo mata.

Makarantun firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Wa'adin shekara biyar da dokar 2019 ta bayar na shiri ya cika tun Janairun 2024. Idan 'yan takara suka zo Bagudo neman ƙuri'a, a tambaye su firamare nawa ce daga Kaoje zuwa Illo za ta karɓi yaron da ba ya magana, kuma wane malami aka horar ya zauna da shi.