Hutun Damina Ya Zo: A Koya Wa Yaranmu Iyo

A ƙasar Masar akwai wani ƙaramin gari a bakin Bahar Maliya, ana ce da shi Dahab. Da ƙauyen masunta ne, amma yanzu baƙi daga ƙasashe masu nisa sukan tafi can hutu, su goya tulun iska a baya, su nutsa ƙarƙashin teku domin kallon kifaye. Haka kuma a Busua ta ƙasar Gana, samari sukan tsaya bisa wani allo, igiyar ruwa ta ɗauko su har gaɓa. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Batsari ko Safana da wannan, mu da ba mu da teku?

To, jama'a, abin da muka hango ke nan. A can ba a barin baƙo ya nutsa shi kaɗai sai ya fara koyo wurin malami. Mu kuwa babban hutun makaranta yana faɗowa tsakiyar damina, sa'ad da rafuka suka kawo, kududdufai suka cika maƙil. Kududdufi kuwa rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, watau bakinsa ba zurfi, amma taki ɗaya ya isa ya kai yaro inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Rafi kuma yakan kawo ruwa farat ɗaya ko da ba a yi ruwan sama a garin ba. Yaran nan suna shiga, ba malami, ba babba a kusa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021. A shekarar nan ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli don yin gargaɗi a kan haka.

Mun sani iyaye suna hani, har da bulala, suna kuma da hujja, gama ban da nutsewa akwai tsargiya a ruwan kwance. Amma mu da muka daɗe cikin aikin ilmi mun ga bulala ba ta raba yaro da ruwa, sai dai ta koya masa tafiya a ɓoye.

Kada a ce iyo al'adar Turawa ce. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, ana gasar iyo da nutso da tseren kwalekwale. Gwanayen nan kuwa tun suna ƙanana suka koya.

Shawararmu uku ce. Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ta horar da malamai iyo da ceton wanda ruwa ya ɗauka. Ƙananan hukumomi su keɓe wuri marar zurfi wanda ma'aikatan lafiya suka duba, maza daban, mata daban. Sarkin Ruma da Yariman Katsina kuma su umarci dagatai da masu unguwanni a shinge kududdufai masu haɗari.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya sa su koma makaranta lafiya, amin.