Raddi Ga Masu Sukar Littattafan Binciken Laifi

Littattafan binciken laifi ƙagaggun labarai ne da ake ginawa a kan kisa, sata ko wata maƙarƙashiya, sannan a bi sawun wanda ya aikata da dalilin da ya kai shi. A 'yan shekarun nan marubutan Nijeriya sun yi fice a wannan fage. Leye Adenle ya fitar da Easy Motion Tourist a 2016, Oyinkan Braithwaite ta fitar da My Sister, the Serial Killer a 2018, Femi Kayode kuma ya fitar da Lightseekers a 2021. Fitowarsu ta tayar da tsohuwar sukar nan mai cewa irin waɗannan littattafai ba su kamaci mai karatu na gari ba. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujjoji huɗu.

Hujja ta farko ita ce, wai littattafan suna koya wa matasa dabarun aikata laifi. Wannan magana ta cakuɗa ambaton ɓarna da kira zuwa gare ta. Da ambaton laifi koyar da shi ne, da littattafan fiƙihu da suka yi bayanin sata da fashi da kisa dalla-dalla a babin haddi da ƙisasi sun fi cancantar zargi. Abin da labarin bincike yake horar da mai karatu a kai shi ne tambaya: wa ya gani, ina shaida, me ya sa maganar wane ta saɓa da ta jiya? Lightseekers misali ne mai ƙarfi. Marubucin ya samo tushensa daga kisan da gungun jama'a suka yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu na Jihar Ribas a watan Oktoban 2012, bisa zargin sata. Jarumin littafin, masanin halayyar ɗan Adam mai suna Philip Taiwo, aikinsa shi ne gano yadda mutanen gari suka rikiɗe suka zama makasa. A ƙasar da ihun "ɓarawo" kawai kan jawo a ƙone mutum a kasuwa, littafin da ke koya wa matashi ya dakata ya nemi hujja ba ɓata shi yake yi ba.

Masu suka kan dawo su ce, to ai a littafin Braithwaite ba a hukunta mai kisan ba. Haka ne. Ayoola tana kashe samarinta, yayarta Korede, ma'aikaciyar jinya, tana goge jini tana rufa mata asiri. Sai dai labarin bai nuna wannan rufin asiri a matsayin nasara ba. Ya nuna yadda yake cinye rayuwar Korede, ya kuma bar wa mai karatu tambayar da kowane dangi ya san nauyinta: ina ne iyakar kare ɗan'uwa idan haƙƙin wani ya shiga tsakani?

Hujja ta biyu ita ce, wai salon baƙo ne, kwaikwayon Turawa kawai. Gaskiya ne tsarinsa na zamani ya faro da labarin Edgar Allan Poe na 1841 a Amurka, ya bunƙasa a Ingila da fitowar Sherlock Holmes a 1887 da littafin Agatha Christie na farko a 1920. Amma gano mai laifi ta hanyar alamu ya girmi waɗannan duka. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin gawar wata mata da aka tsamo cikin akwati daga kogin Dijla, Halifa Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afar kwana uku ya nemo makashinta. Malamai sun daɗe suna ba da labarin basirar Alƙali Iyasu ɗan Mu'awiya na Basra wajen tona asirin maƙaryata, Ibnul Ƙayyim kuma ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamu a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. A adabin Hausa ma, Magana Jari Ce na Abubakar Imam cike yake da ɓarayi da alƙalai masu wayo. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan gungun 'yan ta'adda masu makamai.

Hujja ta uku ita ce, wai suna zubar da mutuncin ƙasa a idon duniya. Kisan tsafi da cin zarafin mata masu zaman kansu da Adenle ya zana a Legas ba shi ya ƙirƙire su ba, jaridu sun riga shi bugawa. Abin da ya ƙara shi ne lauya Amaka, mace mai tsayawa ta kare waɗanda kowa ya yasar. Littattafan Stieg Larsson, da suka fara fitowa a 2005, sun tona cin zarafin mata a Suwidin, ba su kuwa rage wa ƙasar daraja ba. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Hujja ta huɗu ita ce, wai adabi ne mara zurfi, na kashe lokaci. A kowane fanni akwai rubutu mai kyau da maras kyau, kuma ana auna littafi ne da ginin taurarinsa da tsarin zubinsa da ingancin harshensa, ba da rukuninsa ba. A 2019 littafin Braithwaite ya shiga jerin farko na kyautar Booker, ya kuma kai jerin ƙarshe na kyautar Women's Prize.

Abin da ya dace da mai nazari shi ne ya ɗauki littafi guda, ya nuna inda ya yi batsa ko ya ƙawata zalunci, ya soke shi da hujja. Yanke wa fanni gaba ɗaya hukunci ba tare da karanta shi ba rashin adalci ne, kuma hujjojin nan huɗu ba su isa su hana kowa karatu ba.