Ɗakin gilashi a tsakar gida: kafin a sare dogon yaron nan, mu ɗan yi magana

Yau maganar gini za mu yi. Duk mai zagayawa cikin sababbin unguwannin Zinder ya ga abin da ake yayi yanzu: mutum ya gama gidansa, kuɗi sun ɗan ƙaru, sai ya ce zai fitar da falo zuwa tsakar gida, a kewaye shi da gilashi da alminiyom, a jera tukwanen furanni a ciki. Galibi hoton daga waya yake fitowa. Ɗa ko ƙane da ke Faransa, ko ɗan kasuwa da ya je Dubai, ya turo ta WhatsApp ya ce irin wannan za a yi wa Hajiya. A miƙa wa magini wayar, shi kuma ya ce an gama.

Mu ba mu ƙi gilashi ba. Abin da muke cewa shi ne, salon da mafi yawanmu ke zaɓa ba domin ranarmu aka ƙirƙiro shi ba, kuma kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne.

A danginmu an yi wannan. Wani kawunmu ya sa aka sare dogon yaron da ya fi shekara ashirin a tsakar gidansa, aka shimfiɗa tayil, aka ɗora ɗaki na gilashi har rufin. Cikin watan Disamba aka gama. Wallahi a lokacin ya yi kyau, safiyar hunturu ana shan shayi a ciki ba iska ba ƙura, maƙwabta suna zuwa kallo. Da Afrilu ta kama, ƙarfe goma na safe ba mai iya minti biyar a ciki. Furannin suka ƙone a mako guda. Uwargida, da yake ba ta bari abu ya tafi a banza, sai ta mai da shi wurin shanya tumatir da kuɓewa, kuma ta shaida cewa ba ta taɓa ganin kauɗa ta bushe da sauri haka ba. Dariya ake yi, amma gidan ya rasa inuwar da ake daka a ƙarƙashinta, inda yara ke wasa, inda tsohuwar gidan ke shimfiɗa tabarma da hantsi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a bakin Kasuwar Dole da tagogi a rufe, ya dawo bayan awa ɗaya, ya san shi. Hasken rana yana ratsa gilashi, ya bugi daɓe da kujeru su ɗau zafi, iskar ciki ta ɗumama, kuma ba ta da hanyar fita. Turawa domin wannan ɗin suka ƙirƙiro irin ɗakin. Ƙasarsu sanyi ne, suna son su tara ɗan ɗumin da suke samu don itatuwan lemo da sauran tsiron ƙasashen zafi su tsira daga hunturunsu. A Landan, matsakaicin zafin rana a watan Yuli bai kai digiri 25 ba. Mu nan Afrilu da Mayu sama da 40 muke wuni. Kai, ko su ɗin ma, da suka gina katafaren ginin gilashin nan na Crystal Palace a 1851 don baje kolin duniya, sai da suka lulluɓe rufin da yadi don rage zafi da ƙyalli. A Landan fa ke nan.

Akwai kuma bambancin inda rana take tsayawa. A can rana ba ta taɓa hawa tsakiyar kai. Mu kuwa, da yake muna wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya, sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayuwa daidai bisa kanmu da tsakar rana. Saboda haka maganar rufin gilashi a Zinder, a ganinmu, a rufe ta kawai. Ko gilashin mai duhu ne, ko mai ruɓi biyu da ake cewa yana tare zafi, bai kai inuwa ba.

To, bangon fa? A nan ne magina na da suka riga mu sani. Ku shiga Birni ko Zango ku dubi tsofaffin gidajen ƙasa, ku dubi fadar Sarkin Damagaram da ta tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Bango mai kauri, tagogi ƙanana kuma a sama, zaure mai duhu da sanyi wanda kana shiga daga rana za ka ji jikinka ya sauka. Ba rashin wayewa ya sa suka ƙanƙanta taga ba. Sun san gabas ita ce mafitar rana, kuma daga can hadari ke tasowa da guguwarsa, yana watsa ruwa a karkace. Sun san iskar hunturu daga arewa maso gabas take kwaso ƙura. Yamma kuwa ita ce mafi sharri, domin daga la'asar rana tana sauka ƙasa-ƙasa ta shigo kai tsaye, a daidai lokacin da gari ya riga ya gasu, kuma babu rumfar da za ta tare ta. Kudu da arewa su ne masu sauƙi: rana tana wucewa ta sama, rufin da ya zarto da kamar mita ɗaya da rabi zai iya inuwantar da mafi yawan gilashin.

Wani zai ce ai sai a sa kilima. Sai a sa, in aljihu zai ɗauka kowane wata. Amma ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin wutar da ke zuwa ƙasar nan, kowa ya gane ɗakin da ba ya zaunuwa sai da kuran ba ɗaki ba ne. Sannan ga ruwa. Garin da aka san shi da wahalar ruwa tun zamanin Turawa, garin da a bazara ake jiran 'yan ga-ruwa kamar ana jiran baƙo, shi ne za a ce kullum a wanke bango huɗu na gilashi? Kwana biyu na hazo sun isa su mai da shi ruwan ƙasa.

Abin da ya fi damunmu ma shi ne gilashin nan mai kamar madubi, shuɗi ko ruwan zinari, wanda ake sayar wa mutane da cewa na waje ba ya ganin na ciki. Da rana gaskiya ne. Da dare, an kunna fitila a ciki, lamarin juyawa yake: na ciki ba ya ganin komai sai fuskarsa, na waje kuwa yana ganin kowa tar. Gidan Bahaushe an tsara shi ne a kan sutura, daga zaure zuwa shigifa kafin a kai cikin gida. Ga shi yanzu benaye suna tasowa a kowane lungu. Masu sayarwa da yawa ba sa faɗin wannan, sai an kafa labule ya biyo baya, ka ga an biya kuɗin gilashi an kuma biya kuɗin ɓoye shi.

Amma a yi adalci. Masu son ɗakin nan suna da hujja. Daga Disamba zuwa Fabrairu, mai asma ko tsoho mai tari yana bukatar wurin zama mai haske da ƙura ba ta shiga. Da damina sauro yana korar mutane daga tsakar gida tun magariba. Kuma ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau a gidansa, ba za mu ce kowa ya koma ginin tubali da azara ba, ita kanta giginyar da ake yin azara da ita ta yi ƙaranci.

Salon da muke ganin ya dace da mu shi ne baranda mai rufin gaske. A yi rufi mai tsawo, da sili a ƙarƙashi da sarari tsakaninsu don iska ta ratsa, kamar yadda Francis Kéré na Burkina Faso ya yi a makarantar ƙauyensu Gando, wanda aikinsa ya kai shi ga lashe kyautar Pritzker a 2022. A ɗaga bango na bulo ko na ƙasa zuwa ƙugu, gilashin ya fara daga nan, ya fuskanci kudu ko arewa. Ɓangaren yamma a toshe shi, ko a yi masa bulo mai huji-huji. Tagogin kuma su zama masu buɗuwa sosai, da ragar sauro a baya. Masu zamewa ɗin nan na alminiyom rabi kawai suke buɗewa, kuma yashi yana cika hanyarsu har su ƙi motsi; tsofaffin nako da ake rainawa sun fi su shigo da iska nesa ba kusa ba. Inda ƙofa ce ko gilashi ya sauko ƙasa, a nemi mai tauri wanda in ya fashe yake zama tsakuwa-tsakuwa, domin gidajenmu cike suke da yara masu gudu, kuma gilashin taga na gama-gari in ya fashe wuƙa ne.

Ba sai an je Turai neman misali ba. 'Yar ƙasarmu Mariam Issoufou ta nuna a gidajen Niamey 2000 da ginin Hikma na Dandaji cewa ana iya yin gini na zamani da bulon ƙasa, mai haske, ba tare da an mai da shi tanda ba. Hotunan suna nan a intanet, su ma ana iya miƙa wa magini wayar.

Itacen tsakar gida kuwa, don Allah a bar shi. In wurin ya yi kaɗan, a rage ɗakin. Gilashi a yini ɗaya ake kafa shi, dogon yaro kuwa sai an yi shekaru ana ba shi ruwa kafin a zauna a inuwarsa. Kawun namu a bana ya sa an hau rufin gilashin an shimfiɗa zana an ɗaure da waya, kuma ya dasa zogale biyu da lemun tsami ta ɓangaren yamma. Ya ce in ya samu sarari bayan girbi zai cire rufin ya sa kwano da sili, shi kuma gilashin da aka cire zai nemi mai saye.